Kumfar kashe gobarar jirage da ruwan rijiyoyinmu

Injiniya Auwal, Mando:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wata magana da ta shafi duk wanda gidansa ke kusa da filin jirgi, ko sansanin sojin sama, ko wurin da ake tara mai da yawa. Mu a Kaduna babu wanda ba mu da shi: ga sansanin sojin sama a Mando, ga filin jirgi can gaba da Afaka, ga matatar mai a hanyar Kachiya.

Wutar man jirgi ba ta jin ruwa zalla, domin man yakan taso saman ruwan ya ci gaba da ci. Kumfa ake fesa mata, ta rufe saman man, iska ta kasa shiga, wutar ta mutu. Wadda ta fi shahara ita ce AFFF, sojin ruwan Amurka ne suka haɗa ta tare da kamfanin 3M a shekarun 1960. A 1967 gobara ta tashi a wani jirgin ruwan yaƙinsu mai suna Forrestal ta kashe mutum 134, bayan nan suka rungumi kumfar hannu biyu, sauran ƙasashe suka bi sahu. Aikinta kam tana yi. Damuwar tana cikin sinadaran da aka haɗa ta da su, dangin PFAS, musamman PFOS da PFOA. Rana ba ta lalata su, ƙasa ba ta cinye su, ƙwayoyin da ke ruɓar da shara ba su iya musu komai. In aka fesa kumfar a ƙasa, damina ta zo, sai su bi ruwan sama su gangara har inda rijiyoyi ke ɗiba.

Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta lissafa wurarenta fiye da 700 da sai an bincika saboda wannan abu. A Ostireliya, Japan da Suwidin ma an kama shi a ruwan unguwannin da ke maƙwabtaka da sansanonin jiragen soja.

Ban ce rijiyar kowa ta gurɓace ba, a ji ni da kyau. Cewa nake yi mu da muke shan rijiya da burtsatse a gefen irin waɗannan wurare muna da haƙƙin mu tambaya: wace irin kumfa ake amfani da ita, ina ake atisaye da ita, kuma ruwan da ya biyo baya ina yake zuwa.

Malam Nura, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ana ta kai wa yake ta kaya? Mu a nan Rigasa duk damina sai amai da gudawa ya kwantar da yara. Famfo sai a yi kwana da kwanaki bai kawo ba, 'yan garuwa ke shayar da mu, kuma ba wanda ke tambayar su inda suka ɗebo. Sai ka ɗauko mana damuwar Turawan da suka ƙoshi? Wanda ruwan kwata ke shiga rijiyarsa yau, ina ruwansa da cutar da za ta bayyana bayan shekara ashirin?

Maman Hanifa, Hayin Banki:
Ni dai gabana ya faɗi. Rijiyarmu muke sha tun da muka tare, kuma goyo nake yi. Idan na tafasa ruwan ba shi ke nan ba?

Dakta Zainab:
Maman Hanifa, kwantar da hankalinki tukuna, babu wanda ya ce akwai shi a rijiyarku. Amma amsar tambayarki ita ce a'a, tafasawa ba ta fitar da shi. Tana kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada ki daina, sai dai wannan sinadari ne, ba ƙwayar cuta ba. In ma aka bar ruwan yana ta tafasa har ya ragu, abin da ke ciki ƙara kauri yake yi. Alam da kilorin ma haka, ba su taɓa shi.

Shayarwa kuma ki ci gaba da abinki. Gaskiya ne yana iya bi ta nono, amma ko a garuruwan da aka tabbatar da gurɓacewar, likitoci cewa suke yi uwa ta ci gaba da ba da nono, domin amfaninsa ya rinjaya. Ruwan shan uwar ake canzawa. Mai haɗa madarar gwangwani da ruwan da ya gurɓace ma, ai tana ɗura wa jaririn.

Abin da aka sani game da lafiya, mafi yawa ya fito ne daga wani babban bincike a yankin Parkersburg na Amurka, inda masana'antar DuPont ta shekara da shekaru tana sakin PFOA. An ɗebi jinin mutum kusan 69,000, zuwa 2012 masu binciken suka ce akwai alamar alaƙa da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar maraina, ciwon ƙwayar wuya wadda in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo, gyambon babban hanji, hawan jini ga mai ciki, da yawan kitse a jini. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, PFOS kuma cikin waɗanda ake zato. Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na mai duba yara shi ne wani bincike a tsibiran Faro da aka wallafa a 2012, wanda ya nuna yaran da sinadarin ya yi yawa a jininsu, allurar rigakafi ba ta kama su sosai kamar sauran. Mu da muke bi gida gida muna roƙon iyaye su kawo yara rigakafi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kuma in ya shiga jiki ba ya saurin fita. PFOS sai ya yi shekara uku zuwa biyar kafin rabinsa ya bar jinin mutum.

Malam Nura, Rigasa:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Amma ai masana'anta kika ambata, ba bariki ba.

Sadiya, ɗalibar kimiyyar sinadarai:
Malam Nura, akwai na bariki sak. A Suwidin, garin Ronneby, a ƙarshen 2013 aka gano ɗaya daga cikin tashoshin ruwan garin ta gurɓace daga filin atisayen kashe gobara na sansanin sojin sama da ke Kallinge. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen garin daga tashar suke sha, kuma sun yi shekaru suna sha ba wanda ya sani, domin ruwan ba ya canza launi, ba ya wari, ba ya ɗaci. Da aka auna jininsu aka samu adadin da ya ninka na sauran mutane nesa ba kusa ba. Suka kai ƙara, a watan Disamba na 2023 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa samun wannan adadi a jini shi kansa cutarwa ce, ko da mutum bai kwanta ciwo ba.

Kuma Suwidin ce fa, inda ake auna ruwan famfo a kai a kai. Abin da ya sa bai fito ba tun farko shi ne ba shi ake nema ba.

Baba Garba, tsohon ma'aikacin kashe gobara:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan magana, na ce sai na sa baki, domin da hannuna na yi aikin nan har na yi ritaya. Ba zan faɗi inda na yi aiki ba, ba shi ne muhimmi ba.

Da farko ina roƙon ku kada ku raina kumfar nan. Wanda bai taɓa tsayawa gaban wutar mai ba, ba zai gane ba. Tana gudu a ƙasa, tana bin ka, zafinta daga nesa yake gasa fuska. Kun ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a 2024, da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a farkon 2025, da tankar mai ta kama. Jirgi kuwa in ya kama da mutane a ciki, daƙiƙoƙi ake ƙirgawa. Kumfar nan ta ceci rayuka, har da namu mu masu fesawa.

Amma abin da Injiniya ya ce game da atisaye, haka yake. Gobarar gaske jefi-jefi ce, atisaye shi ne na kullum. Rami ake da shi a can gefe, a zuba baƙin mai da kananzir da tsofaffin tayoyi, a cinna, mu kashe, a sake cinnawa. Rami ne na ƙasa, babu siminti. In an gama a wanke mota da tiyo a nan wurin, ruwan ya bi gangare. Ana kuma gwada motoci lokaci lokaci don a tabbatar injin yana haɗa kumfar daidai, nan ma a ƙasa ake zubarwa. Mu a wurinmu sabulu ce kawai. Da hannu muke juye ta daga duro, ba safar hannu, ta jiƙa mana riga mu wuni da ita. In duron ya ƙare a ɗauraye, wani ya kai gida ya tara ruwan sama. Ba mugunta ba ce, ba a gaya mana ba.

Dakta Zainab:
Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya. Ku ne ma kuka fi kowa haƙƙi a wannan magana, domin a wurare da dama da aka auna, masu aiki da kumfar suna cikin waɗanda ya fi yawa a jininsu. Duk lokacin da ka je asibiti ka gaya wa likita irin aikin da ka yi, a riƙa duba maka ƙoda da kitsen jini. Durunan nan kuma, in akwai wanda har yanzu yake tara ruwan sha a ciki, don Allah a raba shi da shi yau.

Tsohon Soja, Kawo:
Ina bin maganar nan tun ɗazu, kuma akwai abin da ba na jin daɗinsa. Yaranmu suna daji suna fafatawa da 'yan bindiga, jiragen da ke tashi su kai musu ɗauki daga sansanonin nan suke tashi. A wannan hali ne za a taso a ce soja na zuba wa jama'a guba? Gobe wani ya yanki rabin maganar ya sa a Facebook, ya haɗa da hoton ƙofar bariki, shi ke nan an kunna fitina. Kuma ku sani, abin da ke cikin bariki ba a baje shi a kasuwa. Ba kowa ne zai zo ya ce a nuna masa ma'ajiyar kaya ba.

Injiniya Auwal, Mando:
Ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, kuma duk wanda ya yanki zancen nan ya ce an ce soja sun zuba guba, ƙarya ya yi mana. Amma ka duba wa ya fi kusa da ramin atisaye. Ai matar soja ce da 'ya'yansa da ke zaune a cikin barikin, suna shan burtsatsen ciki. A Amurka, tsohon sansanin Pease da ke jihar New Hampshire, a 2014 aka rufe wata rijiyarsa, kuma cikin masu shan ruwanta har da ƙananan yara na wuraren reno da ke harabar. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katangar bariki ba. In an auna, iyalan soja ne za su fara amfana.

Kuma ba sirrin yaƙi muke nema ba. Sunan da ke jikin duro ne, da inda kwata ta nufa.

Malam Buba, mai shanu, wajen Afaka:
Ni tambayata a kan dabba ce. Shanu in sun sha irin ruwan nan, me zai same su? Domin mu da rani duk inda ruwa ya kwanta nan muke shayarwa.

Sadiya, ɗalibar kimiyyar sinadarai:
Baffa, yana taruwa a jikinsu, ya fito a nono da nama, musamman hanta. Labarin da ya fi tayar mini da hankali na wani mai gonar shanun madara ne a jihar New Mexico ta Amurka, maƙwabcin sansanin sojin sama na Cannon. A 2018 aka sanar da shi rijiyoyinsa sun gurɓace. Aka daina sayen madararsa, kullum a tatsa a zubar. Naman ma bai sayuwa. Ya yi shekaru yana ciyar da dabbar da ba za ta kawo masa ko kwabo ba, daga ƙarshe aka kashe fiye da 3,000. Kuma shanun nan a ido lafiyarsu ƙalau da farko.

A Ostireliya, yankin Williamtown, a 2015 aka hana kamun kifi a wasu rafuka na kusa da sansanin sojin sama, aka ce wa mutane kada su sha ruwan burtsatsensu, kada su ci ƙwan kajin gidansu. Farashin gidaje da gonaki ya faɗi warwas, ba mai saye.

Malam Buba, mai shanu, wajen Afaka:
Innalillahi. Shanu dubu uku. Mu in aka ce nonon wani yanki ba kyau, matanmu ne za su dawo da ƙwarya cike daga Kasuwar Kawo, kuma babu gwamnatin da za ta biya mu. Don haka ku yi a hankali da yadda za ku fitar da maganar.

Hajiya Binta, Unguwar Dosa:
Malam Buba ya faɗi abin da ke raina. Masu lambu na bakin kogi, su Rafin Guza da sauransu, da latas da kabeji da alayyahu suke ciyar da iyali. Jita-jita ɗaya ta isa ta kashe musu kasuwar rani gaba ɗaya. Kada a ambaci sunan unguwa ko rafi sai da takardar gwaji a hannu.

Alhaji Sabo, mai fiya wata:
To ai mafita tana nan kusa. Na'urar RO, irin wadda muke tsabtace ruwa da ita a masana'anta, tana tace shi, ko ba haka ba Injiniya?

Injiniya Auwal, Mando:
Haka ne Alhaji, RO tana cire mafi yawansa, haka ma gawayin tace ruwa na musamman, wanda ba shi ne gawayin girki ba. Sai dai da sharaɗi. Gawayin yana ƙoshi, in ba a canza shi a kan lokaci ba sai ya bar komai ya wuce. RO kuma tana raba ruwa gida biyu, mai kyau da wanda ake zubarwa, kuma duk abin da aka cire yana cikin na zubarwar. In ka sake shi a kwata, ka mayar da shi ƙasa ke nan. Sannan kai ma ka sani ba kowace masana'antar fiya wata ce ke da RO mai aiki ba, wasu tun da aka zo duba su aka ba su lamba ba su sake canza komai ba. Kuma wa zai iya girki da ruwan leda kullum? Gidan mutum goma sha biyar?

Alhaji Sabo, mai fiya wata:
Wannan gaskiya ne, akwai masu yin haka, suna ɓata mana suna. Amma ka ce a auna, a ina? Mu duk shekara muna kai ruwanmu gwaji, ban taɓa ganin wannan suna a takardar ba.

Sadiya, ɗalibar kimiyyar sinadarai:
Ba za ka gan shi ba Alhaji, domin gwajin da aka saba yi na ƙwayoyin cuta ne, da ƙarfe, da gishiri, da tsami. Wannan na'urarsa daban ce, LC-MS/MS ake ce mata, tana da tsada, kuma tana son wutar da ba ta ɗaukewa. Dalili kuwa adadin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai. A watan Afrilu na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa iyakar PFOA da PFOS a ruwan sha a kan kashi 4 cikin tiriliyan. Wato giram 4 a cikin lita biliyan ɗaya. Ko ɗiban ruwan ma sai wanda ya iya, domin in murfin kwalbar yana da Teflon, wata roba ta dangin PFAS, ko mai ɗiban ya sa rigar ruwa irin wadda aka shafa wa sinadarin, sakamakon ya lalace. Saboda haka kada wani ya cika gorar lemo ya ce zai kai a auna.

Malam Nura, Rigasa:
Kun ji ko? Giram huɗu a lita biliyan. Mu da muke ganin tsutsa da idonmu a ruwa. Kuɗin da za a kashe a auna rijiya goma da wannan na'ura, burtsatse nawa zai gina a Rigasa?

Dakta Zainab:
Malam Nura, ba zan yi musu da kai ba a kan wanda ya fi kisa yau. Amai da gudawa ne, ni nake karɓar yaran. Amma ka tuna Zamfara a 2010. Yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin su aka saba gani. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini aka ga dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Yara fiye da 400 suka tafi. PFAS ba ya kisa da sauri irin na dalma, ba na kwatanta su ta nan. Abin da ya haɗa su shi ne likita ba ya ganin abin da bai aika a auna ba. Mai ciwon ƙoda zai zo, mu ce hawan jini ne ko maganin gargajiya, mu sallame shi.

Sannan burtsatsen da kake so a gina, ai gara a san inda za a haƙa shi.

Injiniya Auwal, Mando:
Wannan ta ƙarshe ita ce aikina. Ƙasar Kaduna dutse ne a ƙasa, ruwanmu yana zaune ne a cikin rubabben dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa. Rijiyar hannu daga na sama take sha, shi ya sa ta fi saurin ɗaukar duk abin da aka zubar. Burtsatse ya fi zurfi, amma tsaga tana iya jawo ruwa daga inda ba ka zata ba, kuma in ba a toshe wuyansa da siminti da kyau ba, ruwan sama yana bin jikin bututun ya sauka. Gida biyu a layi ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. Shi ya sa ba a yin hukunci da ido ko da nisa.

Kuma ba sai an auna duk garin ba. A fara da tambaya, wadda ba ta cin ko sisi. In amsa ta zo cewa kumfar da ake amfani da ita marar wannan sinadari ce, kuma haka take tun da, magana ta ragu. Akwai irinta, filayen jiragen farar hula na Ostireliya sun koma kanta tun 2010, sojin Amurka ma sun fitar da ƙa'idar sayen irinta a farkon 2023. In kuwa AFFF ce, sai a nemi ramin atisaye, a ga ina gangare ya nufa, a auna rijiyoyin da ke wannan layin kawai. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan hanyar Mando take, ga jami'ar ABU, ga KASU. Masu sanin tafiyar ruwan ƙasa ba su ƙare mana ba.

Barista Shu'aibu:
Bari in shigo ta ɓangaren doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Stockholm tun 2004, wadda ta shafi sinadaran da ba sa lalacewa. An sanya PFOS a cikinta a 2009, PFOA a 2019, wani ɗan'uwansu PFHxS a 2022. Ke nan gwamnatinmu da hannunta ta ɗauki alkawarin sanin inda kayan nan suke a ƙasar da kuma rage su. Wanda ya tambaya bai yi rashin kunya ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki ma ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Tana da togaciya a kan abin da ya shafi tsaro, kuma na san nan za a fara fakewa in aka tunkari soja kai tsaye. Okinawa ta Japan ta sha wannan wahala: a watan Afrilu na 2020 kumfa fiye da lita 140,000 ta malalo daga sansanin Amurka na Futenma har tana tashi a titunan unguwa, ga kuma sinadarin da aka daɗe ana gani a ruwan da ke kusa da sansanin Kadena, amma shiga ciki a ɗebi samfuri ya zama abin roƙo shekara da shekaru. Don haka shawarata a fara da na farar hula: hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA, da takwararta KEPA ta jiha, da FAAN mai kula da kashe gobara a filin jirgi, da hukumar kashe gobara ta jiha. Sojoji kuma a rubuta musu takardar girmamawa ta hannun masu unguwanni da hakimi, a nemi zama, ba a jarida ba.

Abin da ya fi damuna ma gaba ne. Majalisar Amurka ta umarci sojinta su daina AFFF, 3M ya sanar tun 2022 cewa zai bar yin PFAS baki ɗaya zuwa ƙarshen 2025, sannan ya amince a 2023 zai biya dala biliyan 10.3 ga hukumomin ruwan sha. Gwamnatin Ostireliya ta biya mutanen Williamtown da Oakey da Katherine dalar ƙasarta miliyan 212.5 a 2020. To duk durunan da suka rage a can, kuma kumfa ce mai shekara ashirin ba ta lalace ba, ina za su? Ƙona ta yadda ya kamata tsada gare shi. Sayar da ita da araha ko ba da ita kyauta da sunan taimako ya fi sauƙi. Mun ga garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, da aka jibge mana dubban durunan guba daga Italiya a filin wani bawan Allah. Ina tsoron kada a kawo mana ita a ce gudummawa ce, mu yi biki mu karɓa.

Tsohon Soja, Kawo:
In ta hannun hakimi za a bi, kuma ba za a kai kafafen sada zumunta ba kafin a zauna, ba ni da ja. Zan ma iya gaya muku ofishin da ya kamata takardar ta fara sauka don kada ta kwana a ƙofa. Amma ku cire kalmar guba daga ciki.

Baba Garba, tsohon ma'aikacin kashe gobara:
Barista, ku ƙara abu ɗaya. Kada a ce a kwashe tsohuwar kumfa alhali ba a kawo sabuwa ba, a bar yara da ruwa zalla gaban tankar mai. Kuma sabuwar sai an koya musu, domin na ji daga waɗanda ke aiki yanzu cewa fesa ta ya bambanta, ba ta yafe kuskure kamar tsohuwar. Abin da za a iya yi gobe ba tare da an sayi komai ba shi ne a daina atisaye da ita. A yi atisaye da ruwa ko kumfar koyo, a ajiye mai ƙarfin don ranar gobarar gaske. A daɓe ramin da siminti, a ba yara safar hannu.

Maman Hanifa, Hayin Banki:
To mu kafin nan me za mu yi? Wanka fa da wanki?

Dakta Zainab:
Wanka da wanki ba su ne abin damuwa ba, ta fata kaɗan ne yake shiga. Sha da girki su ne hanya. Ki ci gaba da tafasa ruwanki saboda ƙwayoyin cuta. Wanda ya san gidansa yana gangaren wurin da ake atisayen kashe gobara, ko ya taɓa ganin kumfa tana bin kwatar unguwarsu, shi ne zai fara neman wani ruwan sha, musamman don mai ciki da jarirai, kuma ya sanar da Injiniya ta akwatin sirri.

Malam Nura, Rigasa:
Har yanzu ina nan a kan bakana, famfo ya fi wannan gaggawa. Amma tunda takarda za a rubuta wa KEPA, a sa maganar masu kwashe masai da ke juyewa a bakin rafi, da masu haƙa shadda dab da rijiyar maƙwabci. In aka sa wannan zan sa hannu, zan kuma kawo na mutanen layinmu.

Barista Shu'aibu:
Za a sa, amma a takarda daban, domin in aka haɗa su za su amsa mai sauƙin su bar ɗayar. Zan tsara guda biyun in turo nan ranar Asabar kowa ya duba. Baba Garba, ina roƙon ka turo mini sunayen da kake iya tunawa a jikin durunan, ko da rabin suna ne, da kalar duron. Sadiya, ke kuma ki rubuto ainihin sunayen sinadaran yadda za su gane, kada su ce ba su fahimci tambayar ba.

Sadiya, ɗalibar kimiyyar sinadarai:
To Barista. A kuma nemi su haɗo da takardar bayanin sinadaran da kamfani ke bayarwa tare da kowane duro, da shekarar da aka sayo shi, domin na kafin 2003 ne suka fi yawan PFOS.